Tifar Shara a Gonar Baba

Ko zan manta lambar shagona, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Inna ganin gonar Baba ba.

Gonar tana gaba da Kawo, in ka sauka daga titin Zariya ka ɗan taka. Ina yaro, duk Asabar Baba yake goya ni a basfa daga Hayin Banki mu tafi. Masara ta fi shi tsawo, gambar bakin iyaka kuwa in ka shige ta sai an yi cigiyarka a masallaci. Da yamma mu dawo da damin ciyawa na tumakin Inna, ƙamshi ya cika tsakar gida. Har yau in aka yi ruwan farko, hancina can yake gudu ya bar ni a shago.

Bayan rasuwar Baba aka ba wani aron gonar. Ya yi ta noma masara a kan masara yana ɗura mata takin zamani, har ƙasar ta gaji, ta yi fari, ta yi tauri kamar daɓen siminti. Ciyawa ma, da ba a aika mata katin gayyata, ta daina zuwa. Sai Yaya Sabi'u, babbanmu, ya ce a yanka fuloti a sayar. Inna ba ta ce a'a ba. Tashi kawai ta yi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ni kuma bakina ya riga hankalina tashi.

"Yaya, a ba ni damina ɗaya. In ba ku ga kore ba, ni zan riƙe wa mai awo igiya."

"Kai Auta? Mai sayar da caja?"

(Gaskiyarsa. Caja da gilashin waya nake sayarwa a Babbar Kasuwa. Duk ilimina na noma bai wuce cin gasasshiyar masara ba.)

Amma na tuna da rani Baba yakan sa a kawo masa takin bola. Abin da ban lura da shi ba, don lokacin ina can ina bin fara, shi ne tsohon juji yake nema, wanda ya yi shekara da shekaru ya ruɓe ya yi baƙi, sannan ya zauna yana tsince shi. Ni ɗan kasuwa ne, sabon kaya na sani. Na tare direban tifar da ke kwashe sharar bayan layinmu na ce ya juye mini a gona.

"Oga, ɗanya ce fa, duk leda."

"Malam, ƙasa mutum ma cinye shi take yi, balle leda."

Tifa bayan tifa. Muka baza, na watsa irin ciyawa a kai, na koma shago. Ruwa ya sauka ban sake leƙawa ba, wai kar in takura mata. Amma kullum da rahoto a gida: "Inna, ai yanzu gonar nan sai da adda ake shiga."

Wata Lahadi, damina ta yi tsakiya, Yaya ya ɗauke mu a motarsa, har da dillalinsa, wani Alhaji mai ƙamshin turare, wai ko da za a buƙata. Inna ta yafa mayafin da take zuwa suna da shi. A hanya ta ce a hankali, kamar da kanta take, "Ko gambar nan ta dawo? Da ita Malam yake mana zana."

Na ce, "Inna, zana har ta sayarwa."

Daga nesa muka hango gona tana ƙyalli. Inna ta dafa ƙirji. "Masha Allah! Auta, auduga ka shuka?"

Ledar fiya wata ce. Ruwa ya wanke ta tas, ta kwanta daga wannan iyaka zuwa waccan. Ga baƙar leda tana ɗaga mana hannu, ga famfas ya sha ruwa ya yi kumatu, ga silifas ƙafa ɗaya-ɗaya. Koren da ke wurin bai wuce 'yan tumatir da wata kankana da suka fito bisa raɗin kansu ba.

Mai hankali shiru zai yi. Ni na naɗe hannun riga. "Ku bar ganin sama, aikin yana ƙasa." Na tsuguna yadda Baba yake yi, na tura hannu, na ji wani abu zare-zare. Zuciyata ta ce Alhamdulillahi. Na fizgo na ɗaga sama.

"Ga saiwa! Yaya, dubi tsawon saiwa!"

Gashin doki ne. Na kitson mata, har da 'yan duwatsun ado a jela.

Dillali ya yi dariya har sai da ya jingina da mota. "Hajiya, a gafarce ni, ni fili aka ce in zo in gani. Wannan ko kyauta ne sai an haɗa mini da katafila." Yaya kallona kawai yake, ni kuma na rasa inda zan ajiye gashin (na rantse sai da na kusa sa shi a aljihu).

Inna ce kaɗai ba ta ko murmusa ba, kuma wannan ya fi mari zafi. Ta tsaya tana duban bakin iyaka, fayau. Can ta juyo.

"Babba, ka ji dai babu mai saye ko? To a bar ta. Wanda ya zuba shi zai tsince."

Haka gonar Baba ta tsira, da kunyata aka fanshe ta.

Tun daga nan duk Lahadi ina can da buhu, a sunkuye. Da rani na roƙi wani Bafulatani ya kwana da shanunsa a ciki su bar mana taki, ya ce sai ya zagaya bai ga leda ko ɗaya ba, don ba zai kashe dukiyarsa saboda ni ba. Sai rani na gaba ya yarda. Na shuka wake, na bar harawar a ƙasa. Bana, a kusurwa ɗaya, ciyawa ta kawo idon sawu. Inna gwiwa ta hana ta zuwa, sai dai in nuna mata a waya. Takan daɗe tana kallo, ta miƙo mini ta ce, "Da saura."

A layinmu kuwa har masu shayi Mai Saiwa suke ce mini.

Darasin da na ɗauka: a kasuwa in kana da baki, cajar da ba ta caji ma sai ka sayar. Ƙasa ba ta jin daɗin baki. Duk abin da ka ba ta ajiya, a gaban mutane take miƙo maka.