Motar Giddo Mitwalli Ta Tafi Asibiti da Kanta

"Wa alaikis salam, direbar sati biyu. Har kin iso ba ki buge kowa ba?"

"A ƙafa na zo, Giddo. Baba ne ya aiko ni in ga ko kana raye, awa guda a sayen kifi."

Giddo Mitwalli, wato kakan Basant, yarinyar da ta yi sati biyu da fara koyon tuƙi, maƙwabcinmu ne a unguwar Shubra. Shekara arba'in yana tuƙa tasi, yanzu sai wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura. Sau biyu janwe, motar hukuma mai jan motoci, ya ɗauke ta a watan nan, ɗansa kuma, baban Basant, ya rantse in aka yi na uku zai ƙwace makullin a gaban kowa. Abin da tsohon ke tsoro ke nan, ba mutuwa ba.

Suka fito daga shagon mai kifi. Ya dubi dama, ya dubi hagu.

"Ina motar?" in ji Basant.

"Nan na bar ta, a layi na biyu, gefen farar motar can. Na sa ta a firi, na saki birkin hannu kamar kowane ɗan halas, don wanda na tare ya tura ta gaba kaɗan."

"Layi na biyu haramun ne, Giddo. Yana shafi na farko a littafin koyon tuƙi."

"Ashe? Ni tun ina saurayi na ɗauka daga na uku haramcin ke farawa."

Can ƙarshen titi suka hango ta. Duk wanda zai fita sai ya tura ta kaɗan, wannan ya tura, wancan ya ƙara, har ta gangara ta tsaya a ƙofar wani asibiti, daidai inda motar marasa lafiya ke shiga, gindinta a kan zanen masu tsallakawa, hancinta a kan kwana. Janwe kuwa yana bayanta da mota uku, yana ɗaure wata.

"Laifi uku a tsayuwa ɗaya," in ji Basant suna sauri. "Malaminmu ma bai iya haɗa misali irin wannan ba."

"Ba ni na ajiye ta ba, mutanen unguwa ne. Ita ma baiwar Allah ta san ba ta da lafiya, ta kai kanta."

"Da ta jira ka, da an ba ku gado ɗaya."

"Ji mai kai kamar kankana. Lokacin da nake ajiye mota a kan gada in sauka in sha shayi, ubanki ko wando bai iya ɗaurawa ba."

"Shi ya sa yanzu yake neman ɗaure ka."

Tsohon ya so ya rama, numfashi ya hana shi. Suna isa ya buɗe ƙofa zai zauna, Basant ta riƙe ƙofar.

"Wa zai tura?"

"Ke mana. Me ake ba ki abinci don shi?"

"In na tura, hannuna zai yi ciwo. In Baba ya tambayi dalili, ni kuma ba na ƙarya."

Ya dubi janwe. An gama da ta farko, an matso. Ya dubi jikarsa, ya saka mata makulli a hannu, ya cije ledar kifi a baki, ya tattare jallabiyarsa ya dafa bayan motar.

"Giya ta biyu," ya faɗa ta cikin leda. "Kar ki saki kuloci sai na ce."

Ba ta jira ya ce ba. Motar ta yi tari, ta tashi, ta watsa masa hayaƙi a fuska. Mai gadin asibitin ya tambaye shi ko a kawo masa kujera.

Ya iske ta bayan titi biyu, ta tsaya daidai jikin dakali, ba kwana, ba ƙofa, ba allon hana tsayawa.

"Shekara arba'in ina wuce wurin nan," in ji shi yana haki, "ban taɓa sanin halal ne ba. Da na sani ma da ban tsaya ba, ya yi nisa."

Ta miƙo masa makullin. Ya dube shi, ya fashe da dariya har da tari, ya rufe mata hannu a kai.

"Riƙe. Amma ki gaya wa ubanki kyauta na ba ki, ba shi ya ƙwace ba. Matsa min kujerar baya, yau ni ne fasinja."