Jelifish ɗin Farfesan Jini

Duk faɗin Manchester babu masani kamar Malam Muhammad Awwal, wanda ake yi wa laƙabi da Farfesan Jini. Gaskiya dai matarsa Zuhra ce ta samu gurbin karatu, shi rakiya ya zo, yana ɗaukar kwalaye a wani sito a Cheetham Hill. Amma a ganinsa ilimi kamar mura yake, in kuna ɗaki ɗaya dole ka ɗauka.

Shekara uku Zuhra tana bincike a kan jelifish, wata halittar teku mai kama da lema, ba ƙashi ba ƙwaƙwalwa. Daga jikinta ake tace wani sinadari mai suna kolajin, ana gwada ko zai tsayar da jini a rauni. Farfesa ya ji bayanin sau biyu a bakin tuwo, ya sayi farar riga irin ta likitoci, ya koma cewa "bincikenmu".

Abu ɗaya ya hana shi sakat, wato kujerar shugaban ƙungiyar 'yan Arewa ta Manchester da Birmingham. Abokiyar takararsa Murna ce, wata nas 'yar Jos, wadda ya ce iliminta bai wuce manna filasta ba.

Ranar zaɓe ya kama hanyar Birmingham rungume da robar jelifish da ya sayo a kantin 'yan China, irin wadda ake jiƙawa a gishiri don ci. Tun a jirgin ƙasa Zuhra ta ja kunnensa.

"Baban Hajar, wannan fa abinci ne. Namu na lab sai an daɗe ana tacewa."

"Ke theory kika sani," in ji shi. "Practical sai mu."

A zauren da aka kama haya a unguwar Sparkhill ya gyara farar riga, ya ɗaga roba.

"Jama'a, daga yau jini ya daina zuba a Arewa! Ba zuwa wajen likita, ba appointment. Mai haɓo, mai kaciya, mai yankan farce, kowa ya ajiye jelifish ɗaya a aljihu. Turawa sun yi ta roƙona, na ce al'ummata tukuna."

Baba Alfred, tsohon direban bas da aka ɗora wa ƙirga ƙuri'a, ya yi gyaran murya.

"Farfesa, a kasuwar garinmu mai magani a jikinsa yake fara gwadawa."

Zaure ya ɗauki "Haka ne!" Kafin ya haɗiye yawu an miƙo masa wuƙar yanka albasa.

Tsoro ya kama shi, domin ko allura za a yi masa bango yake kallo. Amma kujera ce. Ya runtse ido, ya ja wuƙa a babban yatsa, ya danna jelifish a kai. Gishirin nan ya ratsa shi har ƙeya. Babban masanin ya kurma ihu yana kiran innarsa da ke Gwarzo, jelifish ta suɓuce ta faɗa cikin shinkafar da aka dafa wa taro, jini ya wanke farar riga. Karon farko ke nan da ya yi kama da ma'aikacin asibiti. Ya duba, ya sulale ƙasa sumamme.

Lokacin da aka ba su a zauren ya kusa ƙarewa, don haka Baba Alfred ya ce masu son Farfesa su ɗaga hannu. Ashirin da uku. Farfesa yana kwance, Zuhra kuma hannunta biyu suna kan fifita.

Da ya farfaɗo aka tashe shi tsaye, Murna ta danne yatsan da auduga, ta manna filasta.

"Malam, ɗaga hannun sama da kanka. Kada ka sauke sai na ce."

"Masu son Murna," in ji Baba Alfred. Ya ƙirga ashirin da uku, sannan idonsa ya tsaya a kan hannun Farfesa, wanda ya fi na kowa tsawo.

Farfesa ya fara saukewa a hankali.

"Ka sauke, jini ya dawo," in ji Murna.

Ya dubi kujerar, ya dubi yatsansa. Sai ya ƙara miƙe hannun har yana ɗage.

"Ashirin da huɗu," in ji Baba Alfred. "Mun gode, Farfesa."