Akuyar da Na Rera a Maulidi

Ba zan taɓa mantawa da Maulidin bara waccan ba, ko da yake na gaji da ƙoƙarin mantawa. Mutanen Madarumfa ba sa bari.

Akwai wata tsohuwar ƙasidar yabon Manzon Allah ta Larabci da kakanninmu ke rerawa, ba mandiri ba amshi, murya ce tsura. Karinta ya ɓace a bakin kowa sai Baba Illiya, ƙanin kakana, wanda haƙoransa suka zube tun ina lakwal, wato makarantar boko. Na ɗaura niyyar ceto ta. Kullum na rufe shagon ɗinki sai in hau moto zuwa ƙauyensu a bakin tabki, in ajiye wayar salula gabansa tana naɗar muryarsa. Wata rana ya rera, wata rana ya yi gyangyaɗi, wata rana iska ta cinye muryar. Kafin damina ta fita Allah Ya yi masa rasuwa, ya bar ni da abin da salula ta kama.

Na sha wuya. Na saurara har kunnena ya yi zafi, ina rubuta abin da na ji da ajami. (Larabcina bai wuce na salla ba, amma girman kai ya hana ni tambayar malamai.) Akwai wani baiti da Baba ya ja da ƙarfi, kamar zuciyarsa za ta fito. Na ji "ya habi", na ce lalle "ya habibi" ne, ragowar kuma na kwafe yadda na ji, a zatona Larabci ne mai zurfi. Shi na fi so.

Ranar Maulidi bayan la'asar liman ya miƙo mini mikoro, abin magana na lasifika. Wuri ya yi tsit, dattawa na gyaɗa kai. Da na iso baitin nan sai na lumshe ido, na sake shi da dukkan haƙorana:

"Yaa Habii, koori akuuyaa!"

Daga cikin mata wata murya ta amsa, "Ɗan nan, ai akuyar mun yanka ta ran sadakar bakwai!"

Inna Habi ce, matar marigayin. Ashe akuya ce ta shiga masa gero, shi kuwa ya kira matarsa ba tare da ya saki karin ba. Liman ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa.

Da aka watse Inna Habi ta jawo hannuna, tana dariya tana share hawaye. "Wallahi muryarsa sak. Karin duk daidai ka yi. Gobe ka taho in raba maka yabo da kiran dabbobi."

Na je, ta kuma cire mini wasu baitoci biyu, ɗaya na kaji ne. Yanzu ko yara a kasuwa "Malam Akuya" suke ce mini, na daina juyawa. Abin da na koya kaɗan ne: in za ka gaji waƙar tsoho, fara tambayar matarsa.