Zakin da Bai Sauke Gilashi Ba

"Umma, tunda Turawa sun tafi, wa muke durƙusa wa?"

Fauziyya ce, 'yata mai shekara bakwai, ta jefo min wannan tambaya ina shafa mata man kaɗanya a gwiwa. Ranar bikin 'yancin kai aka kwashe su daga aji tun hantsi, aka jera a bakin titin Gashuwa, kowa da 'yar tutarsa, wai wani Mai Girma zai wuce. Aka ce da sun hango motar su zube a kan tsakuwa, su jinjina. Sai bayan azahar ya iso. Allah ya ja zamaninsa, mutum ne mai kunya, ko gilashi bai sauke ba.

Sai na leƙa wajen maƙwabciyata Hajja Fanne, wadda ta ga zamanin Di'o, Baturen mulki, da idonta a Nguru, na ba ta labari.

"Yo 'yar nan, mu har takalmi muke cirewa," in ji ta. "Bature na bisa doki, muna ƙasa muna ihun 'Zaki!' Da zai tafi ya tara mu, ya ce shi uba ne, ya rene mu, yanzu mun girma. Masu neman 'yanci kuma suka hau tebur a kasuwa, suka ce ɓarawon gyaɗa ne, daga yau ba mai sake durƙusa wa kowa. Har guɗa na yi."

"Sai aka yi yaya, Hajja?"

"Sai suka tare a gidansa. Ko kukun ba su canja ba."

Mijinta Baba Kalli ya ɗago daga tabarma. "Ni dai a dawo min da Baturena. Jirgin ƙasansa ba ya latti."

"Gyaɗarka yake zuwa ɗauka, Malam, ba kai ba," in ji Hajja Fanne.

Kun ji gadon da aka bar mana. Wasu na kewar Bature, wasu na zaginsa sau ɗaya a shekara, gwiwa dai tana nan inda ya bar ta.

Washegari na je makarantar. Hedimasta ya ce ai tarbiyya ce. Na ce, Malam, 'yata tana durƙusa wa kakarta kullum safiya, amma kakarta tana amsa gaisuwa. Baɗi a gida za ta yi bikinta, a tsaye.

Iyaye, ku duba gwiwoyin 'ya'yanku yau ɗin nan. Yarinyar da kuka bari aka koya wa zubewa a gaban baƙin gilashi, ranar da za ta miƙe ta tambayi ina maganin asibiti ya shiga, wallahi ƙafar ba za ta ɗauke ta ba.