Rasuwar Ƙyauren da Ya San Tsayin 'Ya'yana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da bai huce ba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar ƙyauren ɗakina na katako. Ranar Talata ina gidan da nake wankau, hannuna cikin kumfa, maƙwabciyata ta kira ni a waya ta ce mai gidan haya ya zo da kafinta sun cire shi. Kafin in iso har an faskara.

Marigayin ya yi fama da gara a ƙafarsa shekara da shekaru, bai taɓa kwanciya ba. In an buɗe shi ya ce “ƙiiii”, in an rufe ya ce “garam”, iyakar maganarsa ke nan. Bai taɓa kai sirrin ɗakina waje ba.

Babban aikinsa riƙon amana. Lokacin da masu binciken lafiya suka fara zuwa unguwarmu duk shekara suna auna yara, tsayi da nauyi da kaurin dantse, su suna rubutawa, ni da ban iya rubutu ba sai in jingina yaro da marigayin in karta da ƙusa. Na Babba a dama, na Auta a hagu, na Gajere, ɗana na tsakiya, a tsakiya. Shi sai ya yi ɗage, sai na danne masa kai.

Da zazzaɓi ya ɗauke Gajere, malamar awon ta zo ta yi min ta'aziyya, har da hawayenta. Daga baya ta yi min bayani a hankali, wai manyansu sun zauna sun zaɓi hanyar lissafi, kuma hanyar ba ta karɓar yaro sai wanda awonsa ya cika tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya tashi daga unguwa da wanda ya mutu, duk gefe ɗaya ake ajiye su. To. Shekarun da ya yi yana cire takalmi yana miƙe musu wuya, a wurinsu kamar bai yi ba. Ƙyauren nan kaɗai ya ƙi cire shi daga lissafi.

Marigayin, wato ƙyauren, ya rasu ya bar ƙusoshi, da sakata mai tsatsa, da ni. Ya bar magaji na ƙarfe, mai sheƙi, wanda ƙusa ba ta kama shi.

Ba za a yi jana'iza ba, domin matar mai gida ta riga ta dafa ruwan wanka da gawar. Ana karɓar gaisuwa a bakin ɗakina bayan la'asar. Mai gida kada ya wahalar da kansa.

Ni kuwa kullum da safe, kafin in ɗaura zane, nakan ɗora tafin hannuna a ƙasan haƙarƙarina, daidai inda kan Gajere ya tsaya. Nan dai ba gidan haya ba ne.