Rumfar Babanki

Abubuwa da yawa sun shuɗe mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na gyara wa 'yata Habiba aikin lakwal, wato makarantar boko, ba. Zamanin Ahijo ne, muna zaune a unguwar Poumpoumré a Garuwa. Ni kuma lokacin na fara zuwa ajin manya da yamma, na iya rubuta sunana da 'yan kalmomin Faransanci (ji nake saura kaɗan a ba ni ofis).

An kawo musu sabon malami, Mushe suke ce masa da Faransanci, mutumin kudu, ba Hausa ba Fillanci, Garuwa ma bai gama saninta ba. Yana koya musu yadda ake rubuta bayanin da baƙo zai bi ba sai ya tambayi kowa ba. Ya ce kowa ya rubuto hanyar gidansu daga lakwal, wanda nasa ya fi, shi malamin da 'yan aji za su bi takardar har ƙofar gida. Habiba ta ƙwallafa rai. Tun rasuwar babanta ban ga ta yi ɗokin wani abu haka ba.

Ta karanta mini nata: a bi ta layin mahauta, in an ga famfo a yi hagu.

Na ce, "Haba Habiba, wa ya san famfo? Sa rumfar babanki. Duk Garuwa wa bai san ta ba?"

"Inna, Mushe baƙo ne fa."

"Ni ma ai ina zuwa makaranta. Goge."

Ta dube ni, ta goge. (Ban ɗaga murya ba. Ni ba na ɗaga murya, shi ya sa musu da ni ke da wuya.)

Nata kuwa aka zaɓa. Ranar na share tsakar gida, na dama kunun gyaɗa, na ɗaura zanen Sallah. Shiru. Kunu ya huce har ya yi fata. Na yafa mayafi na bi sawu.

A layin mahauta na tarar da su, yara cirko-cirko cikin rana. Ashe Mushe ya tsaya ya ce ta nuna rumfar, ta nuna. Rumfar kuwa tun bayan rasuwar maigidana wani mutumin Touboro aka ba. Ina isa na ga Mushe ya kama hannun mutumin nan yana girgizawa, fuska cike da fara'a, yana "Papa Habiba! Papa Habiba!"

Mutumin ya zare hannunsa ya dubi yaran. "Ku gaya masa ni ba 'yata ba ce."

Wasu suka ƙyalƙyale, waɗanda suka sani suka sunkuyar da kai. Na buɗe baki in yi bayani, Faransancin nan nawa ya gudu ya bar ni. "Bonju" kaɗai ya fito, ga ni tsaye cikin zanen Sallah a gaban mahauta. Habiba ce ta faɗa da bakinta, a gaban 'yan ajinsu, cewa babanta ya rasu. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma, da ya fi mini sauƙi.

Mushe ya cire hula. Sai ya tambaye ta a hankali ko akwai wani abin da baƙo zai iya gani da idonsa. Ta nuna famfo. Yana nan daf da mu, yana ta ɗiga.

Sun sha kunun da sanyinsa. Bayan sun watse na ce, "Ki yi haƙuri, uwata." Tana tattara kofuna ta ce, "Ba komai, Inna. Ni ma a rumfar nake yin hagu."

Tun daga ranar na daina gyaran aikin lakwal. In baƙo ya tambaye ni hanya kuwa, famfo nake ce masa. Rumfar na bar mana, ni da ita.