Ilu da Sabuwar Gorar Yayansa

A Tsamiyar Kura akwai gidan Inna Delu mai 'ya'ya biyu. Babban shi ne Shekarau, shugaban 'yan ƙwallon gora na garin, wasan nan da ake buga ƙodagon goruba da sanda mai lanƙwasasshen kai. Ƙaramin kuwa Ilu ne, ƙato da gemunsa, mai son sanin komai, sai dai duk abin da ka faɗa masa haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Bara, a wasansu da mutanen Rafin Ɗinya, wani jibgege da ake kira Gwanki ya haɗa gora da Shekarau, ta Shekarau ta karye, aka cinye 'yan Tsamiyar Kura. Dattawa suka ce in aka kuma bana, shugabancin ya bar hannunsa. Abin ya tsaya wa Shekarau a rai ƙwarai, shi ya sa ya sa Baba Nomau masassaƙi ya sassaƙa masa sabuwa.

Wata rana Shekarau zai tafi yankan dawa, ya miƙa wa Ilu gorar. Ya ce, "Riƙe min, kada ka sake ta sai ka san nauyinta a hannunka." Ilu ya damƙe da hannun dama. Azahar ta yi, Inna ta kawo tuwo, sai ta tarar yana kai loma da hagu.

"Ilu, yau kuma da hagu ake ci?"

"Inna, ban gama sanin nauyinta ba. Da safe ba ta da nauyi, yanzu kuma ƙaruwa take yi."

Da Shekarau ya dawo, sai da aka ɓamɓare yatsun Ilu ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana kuma ya ce masa, "Je fili ka buga ƙodago, ka ga iya inda zai tsaya." Ilu ya zage ya buga. Ƙodago ya tashi sama ya faɗa cikin mangalar wani jaki da ke wucewa. To, ai bai tsaya ba. Ilu ya bi jaki, mai jaki na waiwaye yana ƙara sauri, shi ma yana ƙarawa, har suka shiga Rafin Ɗinya. Bayan la'asar ya dawo ƙafa duk kaushi, fuska cike da murna.

"Yaya, gorar nan ba dama. Bugu ɗaya, sai ƙofar gidan Gwanki."

Wata rana, saura kwana uku wasa, Shekarau ya gaji da wauta. Ya ce, "Kai, abu ɗaya nake so in sani. Ka gwada ta daidai da abin da zai same ta ranar wasa." Ilu ya zauna ya yi ta tunani: me ke samun gora ranar wasa? Gwanki ne ke samunta. Hanya kuwa ya riga ya sani.

Ya iske Gwanki a gindin ɗinya, ya yi sallama, ya dasa gorar a ƙasa.

"Don Allah ka buge ta kamar yadda ka yi bara."

Gwanki ya dube shi, ya dubi mutane, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauko tasa ya sauke mata ɗaya. Ƙas! Gora ta rabu biyu.

Da Shekarau ya ga guntaye biyu a hannun ƙanensa, idonsa ya kawo ruwa don baƙin ciki. Ya fizge su zai jefar, sai wani farin gari ya zubo masa a ƙafa. Ya duba karayar. Waje sumul, ciki kuwa ƙwari sun cinye, duk ramuka. Sai ya hango kansa a tsakiyar fili da wannan guntu a hannu, gari biyu na kallo.

Baba Nomau ya ga ɓarnar, kunya ta kama shi, ya ajiye duk aikinsa ya sassaƙa wata da reshen aduwa. Shekarau ya karɓa, ya jujjuya ta, ya gwada nauyinta, ya buga ƙodago sau biyu. Sannan ya juya ya miƙa wa ƙanensa.

"Ilu, ka san hanya. Kai wa Gwanki, ita ma ya gwada mana ita."